Kwanon Baƙin Mai da Gasket Lokacin Canja Wa Tsohuwar Mota Inji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya shigo gareji da maganar canja wa tsohuwar motarsa inji, abin da ke bakinsa ƙarfin inji ne, da shan mai, da kuɗin Beljiyam. Da wuya ka ji wanda ya tambayi kwanon da ke ƙasa. Amma a shekarun da na yi ina kwanciya a ƙarƙashin motoci a nan Gombe, na ga lafiyayyun injina da dama sun buga cikin wata guda da ɗaura su, kuma idan aka kwance sai a tarar daga kwanon nan ɓarnar ta taso. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu motoci da yaran gareji suka fi maimaita mini, har da masu zuwa daga Bauchi da Kumo da Bajoga.

Mene ne kwanon baƙin mai, kuma mene ne aikinsa?

Shi ne kaskon ƙarfen da ke rufe gindin inji, wanda mu makanikai muke kira botom-filet. A cikinsa baƙin mai yake kwanciya. Famfon mai yana zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi zuwa metal, wato ƙarafunan santsi da karanshaf ke juyawa a kansu, da karanshaf ɗin da saman inji, daga nan man ya gangaro ya dawo cikin kwanon, ya ɗan huce, kumfar da ya kwaso ta fashe, a sake zuƙarsa. Gasket kuwa shi ne abin da ake shimfiɗawa tsakanin leɓen kwanon da gindin bulok don kada mai ya tsiyaye.

Kwano ba zurfinsa ɗaya ba. Yana da gefe marar zurfi da gefe mai zurfi, kuma wannan mai zurfin shi nake kira rijiya a duk amsoshin nan. A cikin rijiyar rariya take zama.

Oga, injin da na saya ya zo da kwanonsa. Me zai hana in ɗaura shi haka?

Wani lokaci ba abin da zai hana, idan injin na gidan motar ne, kamar a cire injin 504 a saka wani irinsa. Matsalar tana zuwa ne idan injin baƙo ne. An ƙera kwanonsa ne daidai da ƙarƙashin motar da ya fito daga cikinta, ba taka ba. Wani rijiyarsa tana gaba, wani tsakiya, wani baya, kuma abin da ke yanke wannan hukunci shi ne inda kuros-memba take, wato gadar ƙarfen da ke ɗauke da inji, da inda rak ɗin sitiyari da tayarod suka ratsa. Idan rijiyar sabon injin ta faɗo daidai kan gadar motarka, injin ba zai zauna ba sam.

Akwai kuma maganar kwanciyar inji. Injin da ya fito daga mota mai ja da tayoyin gaba yawanci a gicciye yake zaune, kuma galibi yana ɗan jingine. An yanka gindin kwanonsa ne don ya miƙe a wannan jinginar. Ka juya shi ka tsayar da shi a tsaye cikin mota mai ja da baya, sai mai ya taru a gefe guda, rariya kuma tana can wani gefen. A ido komai ya zauna lafiya, a ciki kuwa famfo yana neman mai a inda babu.

Waɗanne tsofaffin motoci ne suka fi ba da wahala a wannan wajen?

Wadda muka fi gani ita ce Peugeot 504, Fijo a bakin kowa. Ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000, shi ya sa ta daɗe tana cika tashoshinmu. Injinta na fetur, mai cc 1796 ko cc 1971, a kishingiɗe yake da digiri 45, kamar na yayarta 404. Saboda wannan kishingiɗar aka samu bonet ya yi ƙasa. Idan ka kawo injin da ke tsaye, irin na Toyota ko Nissan, tsayinsa zai matse ka sama da ƙasa: ka ɗaga shi ya taɓa bonet, ka sauke shi kwano ya hau gada.

Mercedes W123, wadda aka fara yi a 1976, da yawa daga injinanta kwanonsu hawa biyu ne, na sama na alminiyam, na ƙasa ƙaramin kaskon ƙarfe, don haka wuraren yoyo biyu ne ba ɗaya ba. Volkswagen kunkuru kuwa ba ta da kwano dabam. Jikin injin ne ke riƙe da man, kusan lita biyu da rabi, sai wani ɗan faifai mai noti 6 da ke rufe rariya, da gasket na takarda guda biyu, ɗaya sama da rariyar ɗaya ƙasa. Notunan nan ƙanana ne ƙwarai, kuma yawan ɗaure su ne ke kashe su.

A wane mataki ya kamata a fara gwada kwanon?

Kafin a taɓa waldar injin-sit, wato ƙafafun da inji ke zama a kansu. Wannan amsa ita ce ta fi kowace saurin ceton kuɗi. A ɗaura kwanon da noti huɗu kawai, ba gasket ba gam, a sauke injin da cen-bulok a hankali har inda ake so ya zauna, sannan mutum ya shiga rami da tocila ya duba. Ina neman aƙalla santimita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin kwano da duk wani ƙarfe na jikin mota, wato yatsana ya shige ya fita ba tare da ya maƙale ba. Inji yana girgiza, yana murɗawa idan an taka mai, kuma robar injin-sit tana lotsawa bayan 'yan watanni. Tazarar da ta yi kamar ta isa yau, bayan damina ta zama gogayya.

A sa yaro ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe kana kallo, a gwada mota tana kan tayoyinta, a kuma gwada tana ɗage tayoyi suna lilo, domin tayarod yana hawa da sauka. A duba cewa notin juye mai bai faɗo kan gada ba. Kada a magance matsi da ɗaga inji sama da yawa, saboda fanka za ta kauce wa lagireto, kuma layin giyabos zai karkace. A 504 mai ƙofa huɗu ma abin ya fi tsanani, domin furofela a cikin wani bututun ƙarfe take gudu wanda ya haɗe giyabos da aksul na baya, ba ya barin ka matsar da komai yadda ka ga dama.

Idan bai zauna ba, zan iya samun wani kwanon da zai shiga injin?

Sau da yawa, ƙwarai kuwa, kuma wannan ya fi yanka. Kamfani yakan saka inji iri ɗaya a motoci daban-daban, kowacce da irin kwanonta: na a-kori-kura dabam, na bas dabam, na mai ja da ƙafa huɗu dabam. Ramukan notin iri ɗaya ne, wurin rijiya ne ya bambanta. Idan ba a samu a Gombe ko Bauchi ba, ana aikawa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Ka aika da hoton gindin bulok ɗinka da kwali da ka zana leɓensa a kai.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na sassautawa a kansa: kwano da bututun rariya da geji, wato sandar auna mai, 'yan ɗaki ɗaya ne, tare ake sayensu daga inji ɗaya. Mai shago zai ce maka kwanon kaɗai ya isa. Bai isa ba. Duba amsa ta gaba, da kuma wadda ke kan geji.

Yaya ake sanin rariya ta zauna daidai a cikin rijiya?

Tazarar da ake so tsakanin bakin rariya da gindin kwano ita ce milimita 6 zuwa 10. Idan ta yi kusa da yawa, sai ta manne wa gindin, famfo ya kasa zuƙa, kamar mai shan kunu da tsinken roba ya danna shi a gindin kofi. Idan ta yi nisa, da zarar mai ya ɗan ragu ko ya karkata, iska za ta shiga. Duka biyun ƙarshensu ɗaya: metal ya bushe.

Ido ba ya ganin wannan tazara domin kwano ya rufe ta, amma yumɓu yana gani. Ka samu ɗan curin yumɓu mai laushi kamar girman goro, ka naɗe shi a leda don kada ya shiga rariyar, ka manna shi a bakinta. Ka sa gasket ɗin da za ka yi amfani da shi, ka rufe kwano, ka ɗaure noti huɗu ko shida, sannan ka kwance. Curin zai fito a baje kamar waina. Ka yanka shi da reza ta tsakiya, ka auna kaurinsa da rula. Abin da ka gani shi ne tazararka. Na sha nuna wa yara wannan, kuma duk wanda ya taɓa riƙe wainar yumɓun nan a hannunsa ya ga ta fito siririya kamar takarda, ba ya sake rufe kwano da ka.

Idan dole a tsawaita bututun ko a lanƙwasa shi, a yi da bututu mai faɗi iri ɗaya, a yi walda mai kyau wadda ba ta da ƙofar allura, a kuma yi masa madogara da za a ɗaure a jikin bulok don girgiza kada ta tsage shi. Inda bututun ya haɗu da famfo akwai ɗan gasket ko zoben roba. Sabo za a sa. Yoyon wannan wuri ba ya ɗiga a ƙasa ka gani, iska yake sha a ɓoye.

To idan babu wani kwanon fa, za a iya yanka wanda nake da shi a yi walda?

Ana yi, kuma idan hannu mai kyau ya yi, yana shekaru. Kwanon ƙarfe ya fi sauƙi. Na alminiyam sai mai waldar argon, kuma tsohon alminiyam da ya sha mai shekara da shekaru yana da taurin kai, sai an wanke an gasa shi ya fitar da man da ya tsotsa. Kada a kuskura a kai wuta jikin kwano yana ɗaure a mota da ragowar mai a ciki. A cire shi, a wanke da kananzir, a bi da ruwan zafi da omo, ya bushe.

Abin da ke lalata wannan aiki shi ne leɓen kwano ya murɗe saboda zafi. Maganinsa a ɗaure kwanon da dukkan notunansa a jikin wani mataccen bulok irin nasa, ko a kan farantin ƙarfe mai kauri, a riƙa waldar kaɗan-kaɗan ana tsallakawa gefe zuwa gefe, a bar shi ya huce a ɗaure. Idan an gama, a shafa alli a bayan layin waldar, a zuba kananzir a ciki, a ajiye shi ya kwana. Kananzir ya fi baƙin mai iya bin ƙaramar kafa, kuma duk inda ya ratsa allin zai yi duhu. Bayan haka a kankare duk wani ƙwallon walda da ƙurar giranda da ke ciki. Ƙwaya ɗaya da ta ɓalle ta isa ta kwarzane famfo.

Ka kuma yi lissafin abin da ka rage. Idan ka yanke wuri mai tsawon santimita 20, faɗin 10, zurfin 5 daga inda mai yake kwanciya, lita ɗaya cur ka zubar. A injin da dama can lita huɗu yake ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, a garin da zafin Maris da Afrilu ke kai digiri 40. Mai kaɗan ya fi saurin zafi da saurin tsufa. Abin da ka cire ta ƙasa, ka mayar da shi ta gefe, a yi wa rijiyar kunnuwa hagu da dama inda akwai fili, nesa da salansa.

Akwai wani faranti a cikin kwanon, mai walda ya ce a cire shi don aiki ya yi sauƙi. A cire?

A'a. Shingen mai ne. Shi ke hana man gudu gaba ɗaya idan an taka birki, ko an sha kwana, ko ana hawan tudu. Idan yanka ya ci shi, a yi wani a mayar, a bar masa kafar da rariya za ta shiga da ƙananan ƙofofi a ƙasa da mai zai dawo.

Wannan a jikina na koya. Shekarun baya na sa wa wata 504 doguwa inji, na ba da kwanon aka yanka, ban duba ciki da kyau ba da aka dawo da shi. A gari lafiya lau. Da muka ɗauki hanyar Kaltungo da kaya, bayan Billiri, duk gangarar da direba ya taka birki sai jar fitilar mai ta ƙifta ta mutu, ta ƙifta ta mutu. Geji kuma yana nuna mai cike. Muka juyo a hankali, na kwance, na tarar an cire shingen an yar. Metal ɗin ya riga ya fara nuna jan ƙarfe. Da aljihuna na gyara, domin mai motar amana ya ba ni. Fitilar nan ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa sosai, wato ƙiftawarta ba gargaɗin wuri ba ne, labari ne cewa ɓarna ta fara.

Gejin tsohon kwanon zai yi aiki da sabon?

Ba lallai ba, kuma geji mai ƙarya ya fi rashin geji haɗari. Idan rijiya ta koma baya, gejin da ke gaba zai daki wuri marar zurfi ya lanƙwashe ko ya fito a bushe. Wasu bulok suna da rami na biyu da aka toshe don irin wannan, wasu kuwa sai an yi wa kwanon bututun geji a gefensa.

Ga yadda nake sake masa alama. Kafin a ɗaura kwano, a auna daga gindin bulok zuwa inda alamar cika ta asali take kaiwa, domin tsayin man daga karanshaf bai kamata ya canja ba ko da siffar kwano ta canja. A ajiye sabon kwanon a daidai yadda zai zauna a mota, a zuba ruwa ko kananzir da ma'aunin lita har ya kai wannan tsayi, a rubuta adadin. Bayan an haɗa komai, mota tana kan daidaitaccen wuri, a zuba adadin ban da lita ɗaya, a jira, a zaro geji a yi zane: ƙasa ke nan. A ƙara litar, a sake zane: cika ke nan. Bayan tashin farko filta za ta sha nata, sai a ciko zuwa alamar. Kada a ce bari a ƙara mai ya wuce alama don a rama abin da yanka ya rage. Karanshaf zai riƙa dukan man yana kaɗa shi ya zama kumfa, famfo kuma ba ya iya tura kumfa.

Wane irin gasket zan saya?

Irin wanda aka yi injin da shi. Tsofaffin injina yawanci na kok ne, wato ɓawon itace mai laushi irin na toshe kwalba, haɗe da roba, wani guda ɗaya, wani gida huɗu: dogaye biyu a gefe da robobi biyu masu lanƙwasa a gaba da baya. Akwai na takarda mai kauri, akwai na roba zalla mai ƙarfe a ciki, wanda a bushe ake sa shi. Injinan Toyota da yawa daga shekarun 1980 zuwa sama ba su da gasket a kwano kwata-kwata, gam na musamman kamfanin ya tsara musu. Ana ganewa daga leɓen kwanon: wanda aka yi don gam yakan zo da ɗan kwari da gam ɗin zai kwanta a ciki.

Kok da ya daɗe a shago cikin zafi da hunturu yana bushewa ya ƙanƙance. Ka ɗan lanƙwasa shi a gaban mai shago, idan ya fara tsagewa ka mayar masa. Ka tuna kuma kaurin gasket yana shiga lissafin tazarar rariya da aka yi bayani a sama. Ka sa kok mai milimita 3 a inda aka tsara wa gam, ka nisanta gindin kwano da rariya ke nan da milimita 3.

Idan ban samu ba, zan iya yanka nawa?

Za ka iya, da takardar gasket ta gaskiya ko shimfiɗar kok da ake sayarwa a shagunan kayan mota. A shafa ɗan baƙin mai a leɓen kwano, a kifa shi a kai ya bar shaida, a huda ramukan noti da farko sannan a yanka gefuna. Ban da kwalin indomi, ban da tsohuwar tub ɗin taya. Robar taya tana kumbura ta narke a cikin mai.

Gam da gasket tare, ba zai fi riƙewa ba?

Nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Gasket na roba idan aka shafe shi da silikon santsi yake yi, ana ɗaure noti sai ya zame ya fito ta gefe. Na kok ma ba ya son wanka da gam. Inda gam yake da aiki shi ne kusurwoyi huɗu, wato inda murfin taimin ya haɗu da bulok a gaba, da inda gidan oyil-sil ya haɗu da shi a baya. Ɗigo kamar ƙwayar wake a kowace kusurwa ya wadatar.

Idan injin na gam zalla ne, a ja layi ɗaya marar yankewa mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ya bi ta cikin ramukan noti, wato ta ɓangaren da mai yake, a rufe cikin kusan minti biyar kafin ya yi fata. A sayi wanda aka rubuta yana jure mai da zafi, ba na gilashin taga ba. Duk abin da ka ga ya bulbulo waje, irinsa ya bulbulo ciki. Na taɓa kwance injin da bai yi wata biyu ba, na tarar da rariya ta cika da jajayen zaruruwan silikon kamar tana, na riƙa zaro su ɗaya-ɗaya da filaya, har suka cika tafin hannuna. Wanda ya yi aikin so ya yi kada ta yi yoyo, kuma ba ta yi ba, amma ya shaƙe injin.

Yaya ake shirya fuskokin kafin a rufe?

A kankare tsohon gasket tas, da reza a kwance a kan ƙarfe, da abin roba ko katako a kan alminiyam don kada a yi masa rauni. A goge da fetur ko tina a tsumma marar gashi har tsumman ya fito fari. Mai yakan ci gaba da gangarowa daga cikin bulok, don haka a sake gogewa daf da rufewa. Lokacin hunturu a yi aikin a cikin rumfa, domin ƙurar da ke sauka kan ɗanyen gam tana hana shi kamawa.

Sai a kifa kwanon a ɗora rula a kan leɓensa a haska tocila ta baya. A tsohon kwanon ƙarfe za ka ga kowane ramin noti ya yi tudu, shaidar waɗanda suka ɗaure shi da ƙarfi a baya. Waɗannan tuddan ne ke yanka sabon gasket, tsakaninsu kuma ya zauna sako-sako. A dafa leɓen a kan ƙarfe mai faɗi, a bubbuga kowane rami da ƙaramar guduma har ya kwanta. Aikin minti goma sha biyar ne, kuma rabin yoyon da ake kawo mini a nan yake ƙarewa.

Da wane ƙarfi ake ɗaure notunan?

Ƙasa da yadda hannunka yake so. Ƙananan notunan da sifana mai lamba 10 ke kamawa, awonsu yakan kama Nm 8 zuwa 12, manyan da ke bi musu kuma wajen Nm 20. Idan akwai littafin injin, shi ne gaba. Nm 10 kamar a rataya kilo ɗaya ne a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya, ko kilo biyar a kan gajeriyar sifana mai santimita 20. Wuyan hannu ne ke yin wannan, ba kafaɗa ba. Sifanar awo ƙarama ba ta kai kuɗin karanshaf ba, kowane gareji ya kamata ya mallaki ɗaya.

A fara kama dukkan notunan da yatsa kafin a ɗaure ko ɗaya. Daga nan a fara daga tsakiya ana tsallakawa hagu da dama zuwa bakin gaba da baya, a zagaye biyu ko uku. Da kok, idan ka ga gefensa ya fara leƙowa, tsaya. A lura da tsawon noti: idan an canja daga kwanon alminiyam mai kaurin leɓe zuwa na ƙarfe, tsofaffin notunan za su yi tsawo, su tokare a gindin rami, ka ji sun ɗaure alhali ba su danne komai ba.

A ɗaura kwano kafin a saka inji, ko bayan ya shiga?

Kafin, idan da hali, inji yana kife a kan teburi kana ganin komai. Amma ka tabbatar a gwajin farko cewa kwanon zai iya fita inji yana cikin mota, ko da sai an ɗan ɗaga shi, don ranar da za a buƙaci hakan. Kada a ajiye inji a ƙasa a kan kwanonsa, kuma kada a sa jak a gindinsa kai tsaye. Wanda zai shiga ƙarƙashi, mota ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba, ba bulo ba.

Yaushe zan zuba mai in tayar?

Da gasket busasshe, nan take. Da gam, aƙalla awa biyu, amma ni kwana nake ba shi, domin yawancin silikon sai ya yi awa 24 yake gama nuna. Masu mota sukan matsa, musamman wanda ya ɗauki alkawarin biki ko kasuwar gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji, a yi haƙuri zuwa safe.

A sa sabon washa a notin juye mai. A zuba mai a cikin filta idan zamanta ya ba da dama. A cire fulogi, a yi kik na daƙiƙa goma-goma har jar fitila ta mutu, sannan a mayar a tayar. Idan inji ya tashi fitilar ba ta mutu ba cikin daƙiƙa biyar, a kashe, a koma kan maganar rariya da zoben bututunta. Idan an samu agogon auna ƙarfin mai a ɗaura na ɗan lokaci, ya fi dogaro da fitila. Bayan inji ya yi zafi ya huce, a sake bin notunan kok a hankali, domin yana lotsawa.

Na yi duk wannan, har yanzu tana ɗiga. Gasket ɗin ne?

Kada a yi saurin ɗora masa laifi. Leɓen kwano shi ne wuri na ƙarshe da duk wani yoyo na sama yake taruwa kafin ya ɗiga, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. A wanke injin tas, ya bushe, a barbaɗa hoda ko garin alli a gefensa, a tayar na minti goma a bi sawun man zuwa inda ya faro. Sau da yawa murfin saman inji ne, ko makunnin fitilar mai, ko gindin filta. Idan ɗigon yana fitowa ta gidan kuloci, oyil-sil na baya ne, wanda ya kamata a canja tun inji yana ƙasa.

Wani abin da ake mantawa a canjin inji shi ne bututun numfashi. Yara sukan ga tiyo ba shi da wurin zuwa sai su toshe shi da noti. Hayaƙin da ke cikin inji ya rasa mafita, sai ya tura mai ta kowane gasket, komai kyawunsa. Ka buɗe murfin zuba mai inji yana aiki. Idan yana huci da ƙarfi, nemi numfashin kafin ka sake kwance kwano.

Kwanon ya fi na da sauka ƙasa. Hanyoyinmu za su bar shi?

Ƙa'idata ita ce gindin kwano kada ya fi gada sauka, domin idan za a daki dutse gara gadar ta karɓa. Mai zuwa ƙauyukan Dukku ko Nafada da damina, ko mai shiga gona ɗaukar hatsi, a yi masa farantin kariya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, a ɗaure shi a jikin mota ba a jikin inji ba, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da kwano, a huda masa ƙofar juye mai da wasu ƙofofi da laka za ta fita.

Idan an riga an daki kwano ya lotsa, ko bai fashe ba a duba shi. Na alminiyam tsagewa yake yi ka ga mai a ƙasa ka tsaya. Na ƙarfe shiru yake yi ya lotsa ciki, ya cinye milimita shidan nan da ke tsakaninsa da rariya. Alamarsa fitilar mai ta daɗe kafin ta mutu da safe, ko saman inji ya riƙa ƙara idan an taka mai sosai. A cire shi, a buga lotsawar ta koma da katako da guduma, a duba bututun ko ya tsage a wuyansa, sannan a sake gwajin yumɓu kafin a rufe.